Tsakiyar Titin Kasuwar Ben Thanh

San Jose, Satumba

Kawu Khiem,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar nan taka ta yi sauƙi, kuma ruwan bana bai shigo maka ɗaki ba. Na san ko na buga waya ba za ka ɗauka ba, shi ya sa na zauna na rubuto. Ka yi haƙuri da rubutun, na san sai ka sami abin gyarawa.

Kawu, jikin Mama ƙalau, amma mantuwar ta ƙaru. Jiya da sunan kakata ta kira ni. Likita ya ce in akwai tafiyar da muke so ta yi, to bana ne, baɗi ba lallai ba. Don haka na yankar mana tikiti, za mu zo Saigon a Disamba. Ita tun da ta fita tana budurwa ba ta koma ba, ni kuwa ban taɓa taka garin ba.

Na duba a intanet na ga wuraren da baƙi ke zuwa: kasuwar Ben Thanh, tsohon gidan waya, cocin nan mai jan bulo, da dogon benen da ake hango gari daga samansa. Wanne ne kake ganin zai taɓa ta? Wataƙila in ta ga wani abu na da, wani abu ya dawo.

Kuma ina so ka raka mu. Kusan kullum in muna cin abincin rana sai ta ajiye cokali ta ce, "Auta ya ci shinkafa?" Sai in ce ya ci. Ni dai na gaji da amsawa a madadinka.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Tuyen

Saigon, Oktoba

Tuyen 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya Diep. Ƙafa tana nan yadda take. Kurakuranki ma suna nan, ban taɓa su ba, jan birona ya bushe tun kafin a haife ki.

Kin tambayi wanda ya dace. Na karanta shari'a, na iya Faransanci har ina mafarki da shi, sai mulki ya juya aka ce ba a buƙatar irin iliminmu. Ƙarshenta a kan sirdin keken fasinja na tsufa, ina tura Turawa daga wannan gini zuwa wancan, ina ba su tarihi suna hamma. To ga abin da na sani.

Gidan waya yana nan da kyansa, amma masu ɗaukar hoto sun fi masu aika wasiƙa yawa. Ranar nan ina shafa wa kan sarki gam wata Baturiya ta ɗauke ni hoto, ashe ni ma na zama kayan tarihi. Cocin an daɗe ana gyaransa, ƙarafa za ki fi gani. Kasuwa kuwa, gefen da mahaifiyarmu ke sayen kifi yana can baya, amma ba nan za a ja ku ba, wajen riguna masu sunan gari za a ja ku. Benen nan kada ki wahalar da kanki, daga sama duk garuruwa ɗaya ne. Gidanmu na lungu yanzu shagon sayar da wayoyi ne. Itacen gwaiban da ke tsakar gidan ma an sare.

Maganar rakiya, a'a. Kin tuna ranar sabuwar shekara da kika haɗa mu a waya muna ganin juna? Ta ƙura min ido ta ce, "Wane ne wannan tsohon? Ku ba shi kujera mana." Kun yi dariya, ni ma na yi. Daga ranar ne na daina ɗaukar waya. Autan da take tambaya yaro ne mai gajeren wando da majina a hanci. Gara in bar mata shi. In na zo na tsaya a gabanta ta sake ba ni kujera, ban san inda zan kai kaina ba.

Abu ɗaya zan koya miki, ya fi jerin nan naki amfani. A garin nan babura ba sa tsayawa kowa. In kika ce sai titi ya yi sarari, to a nan za ki kwana. Sauke ƙafa ake yi a shiga, a yi ta tafiya a hankali, taku iri ɗaya. Ba gudu, ba tsayawa, ba ja da baya. Mai babur yana auna inda za ki kai ne ya bi ta bayanki. Wanda ya tsorata ya tsaya, shi ake bugewa.

Allah ya kawo ku lafiya.
Kawunki,
Khiem

Saigon, Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Mai babur ɗin masaukinmu zai kawo maka wannan, na ce kada ya jira amsa don na san abin da za ka ce.

Mun zagaya duka. A gidan waya ta ce wuri mai kyau, wace ƙasa ce? A saman benen ta yi barci. Na kai ta lungunku, ta tsaya gaban shagon wayoyin tana tambayata yaushe za mu koma gida.

Maganar tsallaka titi kuwa, Kawu, na kasa. Jiya muka tsaya a bakin titin kasuwa, na riƙe ta gam da hannu biyu, ita tana ta fizgewa. Ƙarshe tasi na tsayar ya zagaya da mu ɗaya gefen. Direban ya yi dariya har da buga sitiyari.

Jibi za mu tashi. Gobe da safe zan sake kai ta kasuwa. Za mu tsaya a tsallaken ƙofar da ke da agogo, kusa da mai sayar da ruwan kwakwa. Ban ce ka yi mata magana ba. Ka zo ka tsallakar da mu kawai.

'Yarka,
Tuyen

San Jose, Janairu

Kawu Khiem,

Barka da war haka, da fatan kana lafiya. Mun iso lafiya, Mama ta yi kwana da kwanaki tana ramuwar barci.

Har yanzu abin yana raina. Na hango ka tafe da farar riga an goge ta, har da hula, ka tsaya nesa da mu kamar mai jiran mota. Na ce, "Mama, ga Kawu Khiem." Ta gaishe ka yadda take gaida mai kawo mana wasiƙa. Na ga yadda fuskarka ta yi, na ce a raina na cuce ka.

Sai ka ce in sake ta. Na ce, "A cikin wannan?" Ka ce, "Sake ta, 'yar Amurka, a nan aka haife ta." Ina sakinta ta zagaya ta ɗaya gefenka, ta cafki hannunka, kuka shige cikin babura kuka bar ni ina ihu. Mai ruwan kwakwa ta ce, "Ke yarinya, rufe baki, tsohuwar nan ta fi ki sanin abin da take yi."

Kun kai can, kuka dawo, kuka sake komawa. Mai kwakwar ta ce ko caca kuka yi ne. Ina hango bakin Mama yana motsi a tsakiyar titi. Da muka zauna cin taliya da romo ba ka gaya min abin da ta ce ba, a filin jirgi ma ba ka gaya min ba.

Kawu, me ta ce maka? Ta gane ka? Ka gaya min gaskiya, ko ba daɗi.

Na sa maka wata 'yar takarda a ciki. Ita ta rubuta da kanta, shekaranjiya da rana.

'Yarka mai ƙaunarka,
Tuyen

Saigon, Fabrairu

Tuyen 'yata,

Ina gaishe ku. An yi sabuwar shekararmu ta lissafin wata lafiya, na kunna wa iyayenmu turare, na gaya musu 'yarsu ta zo ta koma.

Kin nemi gaskiya, ga ta.

Ba ki lura da gefen da ta tsaya ba. Ta zagaya ne ta tsaya ta inda babura ke tahowa, ni ta sa ni a bayan jikinta. Haka babba ke yi wa ƙarami a garin nan, in abu zai buga, shi zai fara samu. Kuma ba tafin hannuna ta riƙe ba, wuyan hannu ta kama, don tafin yaro da gumi yake, yana zamewa. Haka take kai ni makaranta kowace safiya. A lokacin ba wannan tarin baburan, amma motoci da kekuna sun isa su tsorata yaro. Ni kaina na manta da riƙon nan, sai da na ji yatsunta.

Muna shiga wani mai ɗauke da kwandunan agwagi ya yo kanmu. Ni da na ƙare rayuwata a titunan nan, ni da na rubuto miki darasi, sai ƙafata ta tsaya. Ta fizge ni ta ce, "Kada ka tsaya, Auta! Sau nawa zan gaya maka? Ƙafata za ka kalla, ba su ba." Na ce, "To, Yaya." Ta ce, "Dubi rigarka, wa ya goge maka ita haka?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ƙarya kake."

Da muka hau dakalin can gefe sai ta saki hannuna. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, ina 'ya'yanka suka bar ka kana tsallaka titi kai kaɗai?"

Na tsaya. Abin da nake tsoro ke nan, kuma ya zo. Amma wuyan hannuna yana nan da ɗumi. Sai na ce mata, "Na yi mantuwa a can gefen, ko za ki mayar da ni?" Ta zagaya, ta kama. Muna sauka titi na koma Auta. Shi ya sa kika ga muna kai da kawowa. Da ƙafar nan ta bar ni, da har yanzu muna can.

To kin ji. A kan dakali ba ta san ni ba. A tsakiyar titi ta san ni sarai, har da faɗa. Na daɗe ina cewa garin nan bai bar min komai ba. Yanzu nakan je bakin titin da safe in sha ruwan kwakwa. Matar nan tana ce min ƙanen tsohuwa.

Ki dinga buga waya, zan ɗauka. In ta ba ni kujera zan zauna.

Na ga takardar tata. Amsar tana ƙasa, ki karanta mata da rana, lokacin da ta ajiye cokali.

Kawunki,
Khiem

Yaya Diep,

Ina gaishe ki da kyau. Na ga saƙonki.

Na ci, Yaya. Shinkafa da kifi, har na ƙara. Ke ma ki ɗauki cokalinki ki cinye naki.

Ƙanenki,
Auta