Fuskar Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba, ya yara. Kiyi haƙuri da rubutun, kinsan hannuna na burushi ne ba na biro ba.

Naga takardarki. Kince ruwan daya zubo ta rufi ya cinye hoton marigayiya Inna, kuma shi kaɗai muke dashi, Baba nata kuka wai ya manta kamanninta. To ki share masa hawaye! Kin manta waye ƙaninki? Zakin dana zana a bayan tirela akuya ta gani ta saki fitsari. Duk shagon askin layinmu kawunan dake ƙofa aikina ne. Kifin da nayiwa mai kifi a allonsa har ƙuda ke binsa. Fuskar uwata ce zata gagareni? Kwana uku. Ki buga ƙusa a bango kawai.

Ƙaninki Auta, sarkin burushi

*

Auta,

Bayan gaisuwa, direban da ka ba saƙo ya kawo katakon zanen. Na jingina shi a gaban gadon Baba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kawo wa baƙon nan ruwa.

Auta, irin kan da kake zanawa a shagon aski ka ɗaura wa ɗankwali. Ta gefe, ido ɗaya, ga haɓa kamar ta soja. Don Allah ka bar wasa. Jiya Baba bai gane ni ba sai da na yi magana. Likita ya ce mantuwar gaba take yi, ba za ta dawo baya ba.

Ka gaida iyali.
Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. To ai ko baƙo ne an bashi ruwa, kinga aikina nada rai kenan! Wancan gwaji ne, hannu ya saba da gefe, shekara ashirin ina zana ƙeya da saje.

Yanzu ta gaba nake yi, ido biyu cif. Katako bakwai na ɓata. Na farko ya fito matar mai kifi. Na uku ke ce sak, harda hararar. Na biyar ni ne da ɗankunne, mai ɗakina ta gani tayi dariya har ta zauna a ƙasa.

Yaya karki faɗawa kowa. In na rufe ido na kirata, muryarta nake ji tana cewa Auta sauko daga katangar nan, amma fuskar bata zuwa. Zaki ban taɓa ganinsa ba na zana shi. Ita data goyani ta gagara. Hancinta dogo ne? Tana da wushirya ko ni nake ƙirƙira? Ki rubuto min komai, harda gira.

Ƙaninki Auta

*

Auta,

Muna lafiya, sai jikin Baba. Na ɗauki biro zan rubuta maka hancin, na zauna har shayina ya huce. Na je wurin Gwaggo, ta ce Inna fara ce mai zagayen fuska. Maƙwabciyarmu ta rantse baƙa ce doguwa. Saura kaɗan su yi faɗa a kaina. Wushiryar ma ban sani ba, Auta. Ni da na yi jinyarta.

Baba ya rage cin abinci. Ka aiko abin da kake da shi.

Yayarka

*

Yaya,

Sannu da ɗawainiya, Allah ya biyaki. Gashi nan wurin direba, kice ya riƙe ta gefe fentin bai gama bushewa ba.

Karki zageni. Babu fuska. Na daina ƙoƙarin tuno abinda ya kamata, na zana abinda nake gani. Bayanta ne. Tana kan keken ɗinki gaban taga, kafaɗar dama ta ɗan sauka, ɗankwalin ya zame kamar kullum, tef ɗin awo a wuya, dunduniyar nan mai faso akan abin takawa. Ashe haka na santa, in na dawo daga makaranta haka, in zan fita haka. Takan juyo ne kawai in munyi laifi, lokacin kuwa ƙasa muke kallo.

Keken dai ya fito, kamar ki taɓa yayi ƙara, wannan ko maƙiyina zai yarda. Sauran ban iya ba Yaya. Iyakata kenan.

Auta

*

Auta,

Ya iso. Ban gama jingina shi ba Baba ya kira sunanta. Ya yi dariya, ya ci abinci rabin kwano.

Tun safe magana ɗaya yake yi: ku ce mata ta juyo. Na ce masa sai ta gama ɗinkin. Ya ce to, zai jira.

Ka zo.
Yayarka