Ƙashin da Bai Kai Ƙwayar Shinkafa Ba

Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙafar Mama, da sauƙi? Mu nan Greensboro ta Amurka lafiya lau, sai kewar gida.

Ranar Asabar aka keɓe sabon bagadin cocinmu. Da yake ni na sa tayil ɗin wurin, Fada, limamin cocin, ya ce ni zan rufe ramin da za a binne waliyyi. Ina jin "binne" na ɗauko shebur da buhun siminti, kamar a gida. Fada ya yi dariya har da hawaye. Ashe ɗan guntun ƙashi ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba, na wani da aka kashe saboda bangaskiyarsa.

Amma Yaya, da kin ga girmamawa! Bishop, tsoho mai dogara sanda, ya durƙusa ya sumbaci ɗan akwatin da ƙashin ke ciki, ya saka shi a ɗan ramin da ke jikin bagadin da hannu biyu. Coci cike maƙil, ko tari babu. Masu manyan gidaje na Irving Park da mu 'yan haya na Wendover, kowa gwiwa a ƙasa.

Siminti cokali biyu ya isa. Ina cikin shafawa na tuna an binne Baba ba na nan. Sai na gyara bakin dutsen da aka rufe ramin da shi a hankali, kamar nasa ne.

Ki gaida Mama da Kawu Ishaya, ku sa ni a addu'a. In kin je kabarin Baba, ki ɗebi ƙasa ki zuba, ki ce masa daga Bitrus ne.

Ƙaninki,
Bitrus