Ciyawa a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Uliastai, watan Satumba

Yaya Jambal,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ya Inna da ciwon gwiwarta? Ya matarka Dejid? Dabbobi sun yi ƙiba kuwa?

Abin da muke gani a ofishin duba yanayi ya hana ni sukuni. Ka fi ni sanin ruwan bana bai yi ba, ciyawa ko tsawon yatsa ba ta kai. To iskar sanyin nan da ke taruwa a Saibiriya, wadda sai ƙarshen kaka take gangaro mana, bana ta taru da wuri, har ta fara motsi. Ga wata iska mai laima kuma ta taso daga yamma. Duk inda suka haɗu nan dusar ƙanƙara za ta zuba, kuma a kanmu za su haɗu. Ƙasa da sauran ɗuminta, don haka dusar farko narkewa za ta yi, sanyi ya dawo ya daskarar da ita. Ciyawar tana nan a ƙasa, amma ba bakin da zai kai gare ta.

Ka yanka raunanan tun suna da nama. Sauran ka kora su kwarin kudu. Inna kuma ka turo mini ita. Don girman zumunci kada ka mai da maganar nan wasa.

Ƙanwarka,
Tsermaa

Mashekarinmu, farkon Oktoba

Malama mai duban sama,

Muna lafiya, da fatan kina lafiya. Takardarki ta iso tare da ganyen shayin. Dejid ta karanta mana, Inna ta ce, “Yarinyar da ko akuya ba ta iya tatsa ba, yau ita ke sa wa sama rana?” Muka yi ta dariya. Amma daga baya na ga ta fita ta watsa madara sama don roƙon sauƙi, yadda aka saba, ta daɗe tsaye tana kallon arewa.

Yanka kika ce. Ai kowa yanka yake, nama ya yi wa kasuwa yawa, mai saye har yanga yake mana. Na yanka abin da za mu shanya. Kwarin kudu zan tafi, bari in gama tara kashin shanun da za mu hura wuta. Inna ta ce a ɗakin siminti numfashinta tsayawa yake, ki bar ta inda aka binne cibiyarta.

Ki ci abinci, Dejid ta ce a hoton nan kin koma kamar sandar kiwo.

Yayanki,
Jambal

Uliastai, watan Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ku. Wannan takarda ta uku ke nan ban ga amsa ba. Direban da ke kai muku saƙo ya juyo daga rabin hanya, ya ce fari ne kawai ko'ina, ba a gane tudu da kwari. Zan ba masu kai hatsin agaji wannan. Kun kai kudu? Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Tsermaa

Kwarin kudu, watan Disamba

Tsermaa,

Muna raye. Gaisuwa ke nan.

A hanya dusar ƙanƙarar ta same mu. Ta zuba, ta narke, ta daskare, yadda kika faɗa. Da muka iso kwarin, mun tarar duk wanda muka sani ya riga mu, 'yar ciyawar da ke nan an cinye. Tumaki suna tono har ƙafafunsu suna jini. Dawaki suna cin gashin jelar juna. Kullum da safe ni da Dejid muke jan matattu bayan garke, har sun zama katanga, ita ke tare wa masu rai iska.

Inna ta kwashe rigunan sanyin marigayi Baba ta lulluɓe shanu. Na ce, “Inna, na Baba ne fa.” Ta ce, “Shi ya daina jin sanyi.”

Yatsun ƙafata biyu sun yi baƙi, kada ki damu, ba sa ciwo. Maƙwabta sun ji ƙanwata na ofishin yanayi, kullum sai wani ya leƙo tantinmu ya ce, “Me yarinyar ta ce?” Ki faɗa mini, yaushe zud ɗin nan, wannan mugun hunturu mai kashe dabbobi, zai sake mu? Idan saura kaɗan ne zan iya riƙe rabin garken.

Jambal

Uliastai, watan Janairu

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Dejid. Na so in rubuta maka abin da zai yi maka daɗi, hannuna ya ƙi.

Iskar ta zauna a kanmu kamar murfi a kan tukunya. Farin da ya rufe ƙasa yana mayar da zafin rana sama, sanyin sai ƙaruwa yake, ba kuma wata iska mai ƙarfin da za ta ture shi. Ba na ganin sauƙi kafin bazara. Rabin nan ma ba zai kai ba.

Yatsan da ya yi baƙi ya daina ciwo mutuwa ya yi, kuma ruɓewar tana hawa ƙafa. Ka biyo motar agaji likita ya gani. Ku taho duka, akwai fili bayan gidan da nake.

Taka har kullum,
Tsermaa

Watan Maris

Ƙanwata,

Gaisuwa. Muna tafe idan hanya ta buɗe, ni da Dejid da Inna da awaki uku. Karen ma na sallame shi, ba abin da zai tsare.

Ki tambaya mini: a garin naku, mutum mai shekara hamsin, mai ɗingishi, wanda bai iya komai ba sai kiwo, da safe idan ya tashi ina yake zuwa?

Jambal