Maburgin Gwaggo Sabuwa

Zuwa ga Yayata Asama'u,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga nan Deira, ƙasar Larabawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Umma sauƙin ƙafa, ya bar mana ita. Ni lafiyata ƙalau, amma hankalina a tashe yake. Yaya, na fitar wa Gwaggo Sabuwa jini. Gara ki ji daga bakina kafin ta sauka Kano ranar Asabar ki ga ɗinki a girarta.

Kin san bizata ta kusa ƙarewa. Wani otal a Al Buteen suna neman mai haɗa kayan zaƙi, shugaban kicin ɗin, wani Bature, ya ce in kawo masa tiramisu ranar Alhamis da safe, in ya yi masa, aiki ya samu. Abin Italiyawa ne, kuma wuta ba ta taɓa shi. Ranar Laraba da hantsi na raba ƙwai, na kaɗa ƙwaiduwa da sukari har ta yi fari, na zuba cukwinsu mai laushi, maskafoni, na kaɗa farin ƙwan daban da inji har ya tashi ya tsaya, sannan na haɗa su a hankali. Na riƙa tsoma dogayen biskit a gahawa mai sanyi ina jerawa a tangaran, shimfiɗar biskit, shimfiɗar haɗin, na barbaɗa garin cakulan, na sa a firij don ya kwana. Duk abin nan Gwaggo, da ta sauka a wurina saboda sarin jakunkuna, tana zaune tana kallo. Sau biyu ta tambaye ni yaushe za a dafa ƙwan. Na ce mata haka ake cinsa. Ta taɓe baki kawai.

Bayan azahar na leƙa kasuwar Naif sayen kwalin da zan ɗauke shi a ciki. Da na dawo, tun daga matattakala na jiyo ƙauri. Yaya, ta sa shi a obin! Ya narke, ya yi mai, gefe ya ƙone baƙi ƙirin. Tana tsaye da murmushinta tana gaya min ta ƙarasa min shi. Wallahi idona ya rufe. Na share injin kaɗawa daga kan tebur ya faɗi ya tarwatse. Na sunkuci tangaran ɗin da zafinsa, ban ma ji ƙunar ba, na maka shi da bango. Na ce mata baƙauya, na ce wa ya aike ta, na ce ta kashe ni ta huta. Ni Kamila, da bakina, ga matar da ta goya ni shekara biyu lokacin da Umma take kwance! Sai da na juyo na ga guntun tangaran ya tsaga mata gira, jini yana bin kuncinta yana ɗiga a mayafi. Ba ta ko ɗaga hannu ta tare ba. Cewa ta yi kawai ta ji tsoron kada Bature ya ci ɗanyen ƙwai cikinsa ya ɓaci, a kama ni a ƙasar mutane. Ɗinki huɗu aka yi mata a asibitin bayan layinmu.

Da muka dawo na zube a ƙasa ina kuka, na riƙe ƙafarta, ta janye. Ta buɗe jakarta ta ciro maburgin nan nata da ba ta tafiya ko'ina sai da shi, ta nuna min sauran ƙwan da yatsa. Na fasa, na raba. Ta zauna da bandeji a ido, ta sa kwano tsakanin gwiwoyinta, ta dinga murza maburgi kamar mai kaɗa miyar kuka, har farin ƙwan ya tsaya cak. Ta kusa minti arba'in, ɗinkin yana tsattsafo jini. Na haɗa sabo kafin magariba. Sun ɗauke ni aikin, Yaya, amma ko daɗinsa ban ji ba, don tun ranar ba ta ce min uffan ba. Jiya ta kwashe kayanta ta koma masaukin ƙawayenta a Al Sabkha. Na je har sau biyu, aka ce tana barci.

Ina jin kunya, ina kuma jin tsoro, don ban san yadda mutum zai ci abincin aikin da ya samu da jinin gwaggonsa ba. Ki taimake ni ki je filin jirgi da kanki. Kada ki kare ni, ki gaya wa Umma komai yadda na rubuta. Sai abu ɗaya: yau da safe na tarar da maburgin a kan firij, a wanke, an naɗe shi a tsumma. In kin ga fuskarta ta ɗan saki, ki tambayar min ita, mantawa ta yi ko bar min ta yi.

Ki gaishe min da Umma, da Yaya Sharfuddeen, da Hadijatu da Mubashir. Ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Kamila