Shari'ar Regina

Kafanchan, 4 ga Afrilu, 1973

Yaya Nicholas,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya mutanen gida?

Yaya, mijina na fari, Meshak, bai mutu ba. Ka tuna lokacin yaƙi aka kawo mana akwatin kayansa, muka yi makoki, daga baya na auri Obadiah na reluwe. Watan jiya ya dawo da ƙafa ɗaya. 'Yan'uwansa sun kai ni kotun gargajiya, wai tunda ba a mayar da sadakinsa ba, 'yata Regina tasa ce, ko da Obadiah ne ya haife ta. Alƙali ya yarda. Jiya a bakin kotu suka ɓamɓare ta daga jikina tana ihu, suka wuce da ita Zangon Kataf. Shekararta biyu da rabi. Kai lauya ne, ka taimake ni.

Ƙanwarka,
Afiniki

Kaduna, 12 ga Afrilu, 1973

Ƙanwata Afiniki,

Na amsa gaisuwarki, muna lafiya. Wasiƙarki ta hana ni cin abinci.

Doka ba ta bar lauya ya tsaya a irin wannan kotun ba, amma na ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu. Na taɓa yin irin wannan shari'ar, na kuma ci. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki je gidan su Meshak, kada Obadiah ya je. In rigima ta tashi, lauyansu zai yi amfani da ita. Ki ba ni wata shida.

Ubangiji ya ƙarfafa ki.
Nicholas Kumai

Zangon Kataf, 9 ga Yuli, 1975

Ranka ya daɗe Lauya,

Gaisuwa mai yawa. Malamin cocinmu ne yake rubuta mini.

Na ji an sake ɗage shari'a. Ina so ka sani ba ni na kai ƙara ba, yayyena ne. Likitan soja ya gaya mini ba zan iya haihuwa ba, shi ya sa suka yi. Ran da aka kawo yarinyar na ce a mayar, ba wanda ya saurare ni. Wata uku tana kuka. Kullum ina duban hanya, na ce uwarta za ta zo in miƙa mata ita, ba ta zo ba. Yanzu Baba take kirana, ba ta cin tuwo sai a kwanona. Ban san abin da nake roƙonka ba. Dā kai surukina ne, shi ya sa na faɗa maka.

Ka huta lafiya.
Meshak

Kaduna, 18 ga Nuwamba, 1976

Afiniki,

Ina gaishe ki. Na ji Obadiah ya koma Makurdi bai tafi da ke ba. Me ya sa sai a bakin wasu zan ji?

Yau aka yanke hukunci, bayan an ɗage sau goma sha ɗaya. Mun ci. Ga takardar a ciki, in sun hana ki Regina, ɗan sanda zai raka ki.

Akwai abin da na ɓoye miki. Bara Meshak ya rubuto mini, ya ce da kin je a farkon nan da ya ba ki ita. Ni na hana ki zuwa. Da wasiƙar ta zo kuma, sai na ɗauka tarko ne, na sa ta a fayil. Shekara goma sha huɗu ina shari'ar aure da ta 'ya'ya, na san kowane sashe na doka, amma ban taɓa tambayar kaina wata nawa ƙaramar yarinya take yi kafin ta manta fuskar uwarta ba. Ki gafarce ni in kin iya.

Yayanki,
Nicholas

Kafanchan, 2 ga Disamba, 1976

Yaya,

Na gode da wahalarka. Na je ranar Asabar, ni kaɗai.

Meshak ya kira ta, ya ce, "Regina, ga mamarki." Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ake gaishe da baƙi, ta kawo mini ruwa. Da na kama hannunta sai ta dube shi ta ce, "Baba, matar nan yaushe za ta tafi?"

Na bar ta can, na hau motar ƙarfe huɗu. Kada ka turo ɗan sanda. Ka rufe fayil ɗin.

Ka gaishe da yara.
Afiniki