Abin da Kike Gaya wa Farar Saniya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Adama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, ko da kina raye ma sai an nemo mai karanta miki. Amma akwai godiyar da ban taɓa yi miki ba, akwai kuma haƙurin da ya kamata in ba ki.

Gara in faɗa a fili, Inna. Na fi shekara talatin ina zargin ba kya ƙaunata.

Ni ce 'yar farinki, don haka ana yaye ni Goggo Hari ta goya ni daga rugarmu ta bayan Zoza zuwa gidanta a Ƙaraye. Mijinta Bahaushe ne, maƙwabta Hausawa, makaranta Hausa da Turanci. Kafin in kai aji uku Fulatancina bai wuce kalmar kosam ba, ita ma albarkacin ciki ta tsira, tunda sunan nono ne.

In aka kai ni ruga hutu, ba kya haɗa ido da ni, ba kya kiran sunana. Za ki dama fura ki dire ƙwaryar kusa da ni, ki juya kamar mantuwa kika yi. Kowa ya ce mini kunyar ɗan fari ce, haka aka gada. Na ji, amma ina ruwan 'yar shekara takwas da abin da aka gada?

Ga kuma farar saniyar nan da mahaifina ya ba ni ranar sunana. Kullum da safe in kin zo tatsa, sai kin shafa wuyanta, kin cire mata kaska, kina yi mata magana da Fulatanci cikin wata murya mai laushi da ban taɓa samun ko kwatarta ba. Ni kuwa ina laɓe bayan rumbu ina cika ina batsewa. Inna, na yi kishi da saniya. Na sa mata suna 'Yar Gata, wata rana ma da kika ba da baya na jefe ta da hoge.

Saboda yawan laɓe na haddace maganar tsaf, yadda muke haddace sura ba mu san fassararta ba. Ban taɓa tambayar kowa ma'anarta ba. Da fari girman kai ne ya hana ni, bayan rasuwarki kuma tsoro, kada in ji cewa da gaske saniyar kawai kike yabo.

Bara wasu dattawan Fulani na wajenmu suka gaji da gaishe da jikokinsu ana amsa musu da murmushi. Suka ari aji ɗaya a firamare, duk Asabar da hantsi. Malam Sambo, tsohon hedimasta, shi ke riƙe da alli, amma ainihin malaman tsofaffin mata ne da ake ɗaukowa daga rugage a babur. Ba wanda ake biya. Suna koyar da gaisuwa, da tatsuniya, da yadda ake kiran kowace saniya da launinta, matasa kuma suna naɗar muryoyinsu a waya. Ni 'ya'yana na raka, da niyyar in jira su a inuwa. Mako na uku sai ga ni a kan benci, da furfurata, ina maimaita gaisuwar safe.

Wata Asabar Malam Sambo ya ce kowa ya kawo abin da ya rage masa a baki, ko guntu ne, ko karyayye. Na yi ta maza na miƙe na karanto haddata. Aji ya kwashe da dariya, don harshena ya murɗe kalmomin kamar wanki. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, Dada Jumma, ƙawarki da kuke kai nono kasuwar Rogo tare. Ta sa na maimaita sau uku, ta ƙura mini ido, sannan ta ce, "Ke ce ta wajen Adama?"

Ta kama hannuna ta warware mini da Hausa, gaɓa-gaɓa. Ashe cewa kike yi: "Fara, ki ci ki ƙoshi, mai ke ta zo. Kin ga tsawon da ta yi? Ni ba ni da idon kallonta, ke ki kalle ta da kyau a madadina. Allah ya raya mini ita, ya sa ta fi ni."

Na ce mata a ɓoye nake ji, ba ki san ina wurin ba. Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce ai kin san ina bayan rumbu, sai na zo hutu ma kike ɗaga murya. "Ta ɗauka kina ji," in ji ta. "Cewa take yi harshen da aka sha a nono ba ya fita."

Nan na zauna na yi kuka a gaban yara, ban ji kunyar kowa ba. Ke kina can kina ganin kin gaya mini, ni ina nan ina ganin kin hana ni. Tsakaninmu bai fi taku goma ba.

Ki yafe mini, Inna. 'Yar Gata ma, da tana raye, da na je da dusa na ba ta haƙuri.

Kin san ni ma na gaji halinki, har yau sunan 'yar farina nauyi yake yi mini. Gidanmu na Ƙaraye kuwa babu saniya, sai wata akuya marar kunya da ba za a ba ta amana ba. Don haka ranar Juma'ar da ta wuce na zaunar da yarinyar, na kafa idona a bango, na gaya mata maganarki da Fulatanci, ba ɗan aike. Ta fi ni ƙoƙari a aji, ba ta nemi fassara ba. Ta kwantar da kanta a cinyata.

Allah ya saka wa Malam Sambo da Dada Jumma da sauran tsofaffin nan da alheri, ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, don akwai irina da yawa masu yawo da saƙo a baki ba su san me ke ciki ba. Ke kuma Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya haɗa mu a inda babu kunyar da za ta hana ki kallona.

Saƙonki ya iso, Inna. Ya makara, amma ya iso. Mi yetti, na gode.

Taki,
mai farar saniya