A Sa Kanwa

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya dawo daga asibiti amma ya ƙi abinci. Wandonsa har zamewa yake. Likita ya ce idan bai yi ƙiba ba kafin ƙarshen wata, gado za a sake ba shi. Yau ya ce abu ɗaya yake marmari, miyar tumatir ta marigayiya Kaka, wadda ake sha da cokali ana tsoma burodi. Mama a shagon ɗinki take wuni, sai na ji bakina ya ce ni zan yi.

Talata, 4 ga Maris

Na samo takardar girkin a tsohon gwangwanin madara. Ta yi laushi kamar tsumma, mai ya cinye ƙarshen layi na biyar. Karatuna kuwa, ni na san kaina. A aji shida na tsaya, har yau da yatsa nake bin layi. Auta, ƙanwata da malamai ke ta yabo, ta ce, "Yaya, kawo in karanta miki." Na ce ta kai iyayinta gaba, na rufe ƙofar kicin.

Laraba, 5 ga Maris

Tumatir goma nunannu, a gasa har fatar ta fashe. Albasa biyu, tafarnuwa, a niƙa, a tace. Duk na gane, har ina jin kaina. Layi na biyar: "Kafin a sauke a sa kanwa." Na jiƙa dunƙule guda na juye duka. Tukunyar ta taso da kumfa, jan nan ya koma kalar ruwan wanke-wanke. Tsoro ya hana ni ɗanɗanawa. A haka na kai wa Baba.

Cokali biyu ya sha. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, uwata," ya ture kwanon a hankali don kada in ji ƙararsa. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Mama ta tambaya, na ce tumatir ɗin ne ba su da kyau. Ƙarya.

Alhamis, 6 ga Maris

Shayi kawai ya sha yau. Ban haɗa ido da kowa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Goggo, ƙanwar Baba, ta zo dubiya. Mama ta ba ta labarin yadda kalar miyar ta koma, Goggo ta ce a kawo takardar. Tana karantawa ta fashe da dariya har da hawaye.

"Ke 'yar nan, ni kika jefa a tukunya? Ai ni ce kanwar!"

Ashe Baba ne ya rubuta yana ɗan shekara tara, Kaka tana juya miya tana faɗa masa. Harshenta ya daina jin gishiri, shi ne ta ce a sa ƙanwa ta ɗanɗana. Shi kuma ya rubuta k babu lanƙwasa, mai ya cinye sauran.

"Malalacin ubanki," in ji Goggo, "ƙugiya ɗaya ta gagare shi."

Baba ya yi dariya yana dafe da ɗinkin cikinsa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin asibiti, amma ni ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Auta ce kaɗai ba ta yi dariya ba. A bayan ƙofa ta ce min, "Yaya, wallahi ni ma kanwa zan karanta." Na sunkuyar da kai. Ni da na kore ta.

Litinin, 10 ga Maris

Na sake yin miyar. Da ta kusa sauka na daɗe tsaye da ludayi a hannu kafin in iya kiran Auta. Na ce, "Zo ki ɗanɗana. Ba ni na ce ba, takarda ce."

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska kamar wata tsohuwa. "Gishiri, ranki ya daɗe." Na ƙara. Ta ce yanzu ta yi.

Baba ya shanye, ya suɗe kwanon da burodi, ya ce ko akwai saura.

Laraba, 12 ga Maris

Kwano biyu yau.

Na kwafe girkin a sabuwar takarda, na yi wa ƙ ɗin ƙatuwar ƙugiya. Auta ta gyara min kalma uku. Ba wai karatu take koya min ba. Littafinta ne dai yake buɗe a kan tabarma, ni kuma na matsa kusa saboda nan ne iska ta fi shigowa.